Hancin da ke jikin gicciye

Ina sayar da man shanu a ƙofar gidan sufayen Kirista, a nan ƙasar Ayalan, sai ga wata tsohuwa baƙuwa, taɓo har gwiwa, mayafin ulunta sharkaf. Ba ta taya komai ba. Zagaya dogon gicciyen dutsen da ke tsaye a wurin take yi, tana duba mutanen da aka sassaƙa a jikinsa. Can ta ɗora yatsa kan wata 'yar fuska.

Na ce, "Iya, lafiya?"

"'Yata, dubi hancin nan, ki dubi nawa. Aikin ɗana Cellach ne!"

Yadda take shafa dutsen, ina jin ɗan nan ba ya duniya. Amma kanta a ɗage yake, kuma duk wanda ya gifta sai ta kamo hannunsa ta nuna masa.