Igiyar da Malam Barau ya ja a tsakiyar ciyawa

Wata rana, bayan ruwan farko ya sauka ciyawa ta ɗago kai, wani dattijo ya buɗe sito ya jawo injin yankan ciyawa shi kaɗai.

Mu kira shi Malam Barau. Tsohon malamin makaranta ne, mutum mai tsari, wanda ko tabarma zai shimfiɗa sai ya daidaita bakinta da bango.

Injin ba nasa ba ne shi kaɗai. Shi da maƙwabcinsa Malam Jatau, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, suka saya tun suna da ƙarfinsu. Gidajensu manne suke da juna. A gabansu akwai fili guda na ciyawar kirikiri, babu katanga, babu shinge. Sito ɗaya ne, kowa da makullinsa.

Duk shekara idan damina ta kawo jiki, su biyu suke fito da injin ƙarƙashin mangwaro. Barau ya zubar da tsohon baƙin mai, ya wanke fulogi, ya kakkaɓe ƙurar rani. Jatau ya kwance wuƙar, ya zauna da magagari yana wasa ta yana tsokana.

Sai su yanke filin gaba ɗaya, daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Ba wanda ya taɓa tambayar inda na wani ya tsaya.

Amma bana shekarar zaɓe ce.

Barau ya manna hoton ɗan takara a ƙofarsa. Jatau ya manna na wani. Ran nan a majalisa gardama ta yi zafi, Jatau ya ce, cikin raha irin tasa, wai ɗan takarar Barau ko akuya aka ba shi kiwo sai ta ɓata.

Aka kwashe da dariya.

Barau bai yi ba.

Daga ranar ya sauya majalisa. Ya koma fita ta ƙofar baya. Ya tafi Kaduna wurin 'yarsa ya daɗe, da ya dawo kuma bai leƙa ya ce na dawo ba. Matarsa ta rasu da jimawa, saboda haka babu wanda zai kawo masa labarin maƙwabta ta kan katanga.

Sai ga saƙo daga mutanen jam'iyya: ɗan takara zai zo gaishe shi har gida, a matsayinsa na dattijon unguwa. Za a ɗauki hoto.

Dalilin fito da injin ke nan.

Da ya kwantar da shi ya duba ƙasa, sai ya tarar wuƙar a wase take, an shafe ta da giris, an ɗaure ta tam. Ya ɗan tsaya. Zuciyarsa ta so ta faɗa masa wani abu, ya ƙi saurare. Ya ce wa kansa wataƙila saura ne na bara.

Ya zuba mai. Ya ja igiya, injin ya tashi.

Kafin ya fara yanka, ya yi abin da bai taɓa yi ba. Ya samo turaku biyu. Ya kafa ɗaya daidai inda bangon gidansa ya haɗu da na Jatau, ɗaya a bakin titi. Ya ɗaura farar igiya a tsakaninsu, ya runtse ido ɗaya ya tabbata ta miƙe.

Ya yanke nasa ɓangaren tsaf. Ya tsaya daidai kan igiya.

Na Jatau ya bar shi.

Ruwa ya ci gaba da sauka. Gefen Barau kamar darduma, gefen Jatau ciyawa ta kai gwiwa. Duk wanda ya wuce sai ya ga layin. Barau kuwa yana jin daɗin haka. A ransa yana cewa, tunda bakin Jatau ya fi ƙarfinsa, ya fito ya yanke da bakin.

Ranar ziyara ta zo. Motoci suka hau kan ciyawar da ya sha wahalar gyarawa. Aka kafa rumfa, aka jera kujerun roba. Ɗan takara ya riƙe hannunsa, ya kira shi Malam Bature, ya yi wa mai hoto murmushi. Ko ruwan da aka kawo bai sha ba, suka tashi.

Suka bar masa sawun taya da ledojin ruwa.

Washegari yana tsintar ledojin, sai ya ji motsi a hayin igiya. Matar Jatau ce, Mama Laraba, tsohuwa mai ciwon baya, a sunkuye da lauje tana yankan ciyawa tana haki.

Ya so ya yi shiru, amma tsiya ta fi ƙarfinsa.

"Uwargida, ina maigidan naki? Siyasa ta hana shi aiki, ya bar ki da lauje?"

Ta miƙe a hankali, ta dafa ƙugu.

"Malam, ai abokinka ɓarin jikinsa ya shanye tun kana Kaduna. Da safe ya wasa wuƙar injinku, ya ce in ka dawo ka same ta a shirye. Da la'asar ya faɗi."

"Me ya sa ba a gaya mini ba?"

"Ya hana. Ya ce ba ya so tausayi ya kawo ka. Kullum a bakin tagar can nake zaunar da shi. Ranar da ka ja igiya yana kallo."

Barau ya tambaya: "Me ya ce?"

"Cewa ya yi layin ya miƙe. Wai kai dama ba ka iya karkataccen aiki ba."

Barau ya ɗaga ido.

A bayan ragar tagar akwai mutum zaune, kafaɗa ɗaya ta zube. Mutumin ya ɗago hannun da bai shanye ba, ya kaɗa.

Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da Barau ya shige.

Da wuƙar da maras lafiya ya wasa masa ya yanka iyaka tsakaninsu.

Ya tuge turakun, ya naɗe igiyar. Ya jawo injin ya tura shi cikin ciyawar Jatau, injin ya shaƙe ya mutu. Ciyawar ta yi tsawon da ba ta yankuwa da inji.

Sai ya karɓi laujen daga hannun Mama Laraba, ya durƙusa. Dattijon da jiya aka kafa wa rumfa, yau yana rarrafe a gaban tagar abokinsa, masu wucewa suna kallo.

Da ya gama ya cire takalmi ya shiga. Ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin Jatau.

Jatau ya dube shi. Bakinsa a karkace, maganar na fita da ƙyar:

"Barau... har yanzu dai... ba zan ba shi akuyata ba."

Barau ya fara dariya, ta ƙare masa da kuka.

Filin ya koma guda. Amma ciyawar da aka bari ta yi tsawo, idan aka yanke ta ƙasanta fari-fari yake fitowa. Har tsakiyar damina layin yana nan, gefe kore, gefe koɗaɗɗe. Kullum da safe Barau sai ya tsallaka shi kafin ya je zaunar da abokinsa a bakin taga.

Kullum kuma sai ya sunkuyar da kai.

Darasi:

Ɗan takara zai taka ciyawarka ya wuce, sunanka ma ba zai riƙe ba. Maƙwabci shi ne mai wasa maka wuƙa ko kuna faɗa. Zaɓe yini ɗaya ne, amma layin da ka ja saboda shi yakan daɗe bayan an cire igiya.

Idan akwai wanda ka daina gaisarwa saboda hoton da ke ƙofarsa, ka leƙa shi yau, ba ka san halin da yake ciki ba.

Ka tura wannan ga wasu kafin su kafa nasu turakun.