Shekarar da Inna Ta Daina Daka

A zamanin Turawa, shekarar da na koma gidanmu a Falgore goyon ciki, na tarar Inna ta daina daka. Tulu ma ba ta ɗauka. In tari ya taso mata sai ta matse ƙafafu, ta lallaɓa ɗaki ta sake zane. Ni ce 'yar farinta, ko sunana ba ta faɗa, balle ta gaya mini abin da ke damunta.

Gwaggo, ƙanwar Baba, ita ta warware mini muna ɓarar gyaɗa. Ta ce tun haihuwar autanmu mahaifar Inna ta sauko, tana jin nauyi a mara kamar wani abu zai faɗo. Fitsari yakan kufce mata, amma in ta tsuguna don kanta sai ya ƙi ƙarewa. Bayan gida kuwa sai ta daɗe tana nishi, wani lokaci sai ta tura abin da hannu kafin ya fita. Abin da ya fi ci mata rai alwala ce, don gani take ba ta da tsarki.

Gwaggo ba ta iya ɓoye magana ba. Ta sami Baba a zaure ta faɗa masa komai. Ya je wajen liman, ya dawo da amsa cewa mai irin wannan lalura ta yi alwala ta yi sallarta, Allah Ya yi mata rangwame.

Da aka gama kaka Inna da Baba suka bi motar gyaɗa ta Karaye zuwa asibitin birni. Wata ma'aikaciya ta duba ta, ta ce mahaifar ce ke danne mafitsara da hanji. Ta sa mata wani zobe na roba da zai tallafe ta, ta ce ta riƙa dawowa ana dubawa, ta yawaita miyar ganye da ruwa, ta bar ɗaukar kaya.

Ba ta warke sarai ba, amma ta koma zuwa suna da biki. Ranar da ta dawo ta same ni da jariri a cinya. Ba ta dube ni ba, bango ta kalla ta ce, "Ke, kada ki yi gaggawar komawa rijiya. In kin ji nauyi a jikinki, ki faɗa."