Ihun Sa'adiya ya tara mana unguwa

Ina tsakiyar yin kisira, gurasar nan tamu mai faɗi ta dawa, na ji ihun 'yata Sa'adiya daga bayan ɗaki. Kunamar garinmu Gadarif, a nan Sudan, ba ta wasa, don haka na bar kisira a wuta na fita a guje, ba takalmi, da albasa a hannu.

Na same ta lafiya lau. Faifaina ne a hannunta, tana buga lemon tsami a bango, duk bugu sai ta kurma ihu.

Kafin in yi magana maƙwabciyarmu Hajja Batula ta faɗo gidan tana salati, tob ɗinta na lulluɓi a baibai. "Wa ya rasu?"

Sa'adiya ta ce, "Ba kowa, Hajja. Tanis nake koyo."

Ta nuna mana wata mata 'yar wasan tanis a waya, ita ma duk bugu sai ta yi ihu. Wai da bangon gidansu ta fara, yanzu ƙasa-ƙasa take zuwa tana lashe kofi. Ba ta matsowa kusa da raga, can baya take tsayawa tana mayar da ƙwallo har abokiyar karawarta ta gaji.

Na ce, "To ihun na mene ne?"

Ta ce mini, "Yumma, shi ke ba ta ƙarfi."

Hajja ta ce, "Ni na haifi tara, ban yi rabin wannan ba."

Na bar Sa'adiya ta ci gaba, da sharaɗin ta sanar da maƙwabta kafin ta fara. Amma hankalina bai kwanta ba. Ranar da wani abu ya same ta da gaske, kowa zai ce tanis ne.

Iyaye mata, yaya zan bambance ihun wasa da na gaske?