Duwatsun Kabarin Baba

Madawa zuwa Buza

Na bar gida bayan sallar asuba, shekara biyu bayan babban farin nan. Ba yawon ganin gari na fita ba. Inna ce, da ciwo ya kwantar da ita, ta ce in je Zangon Illo in duba ko da sauran wuri gefen kabarin Baba, don can take so a kai ta. Baba kantoniye ne, mai gyaran hanya da dutse. Tsohuwar hanyar Keita ta cinye ƙarfinsa, a bakinta kuma aka binne shi.

Kamiyon albasa na samu. A shinge jandarma ya juya katina, ya tambayi abin da ake zuwa yi Zango. Na ce ziyarar matattu. Ya ce na dace, su kaɗai suka rage can.

Buza

Na ci tuwon dawa mai sanyi a tasha. Direba ya ce tun da aka karkata hanya, ba mai kai motarsa Zango ta karye. Ya sauke ni a mararraba kafin Garhanga, na ƙarasa da ƙafa cikin rana.

Zangon Illo

Garin da na sani ke nan, wai. Barikin da Nasara ke sauka ya zama garken awaki. Rijiyar ayari ta ƙafe. Gawon da kakanninmu ke yi wa yanka kafin su kama salla, kututture ya rage. Sarkin Maƙera, wanda gatarinsa ke kai har Tawa, ya rasu. Direban farko na garin, da muke bin ƙurar motarsa muna yara, na iske shi makaho a ƙofar masallaci. Shi ya tura ni wurin Iya Tabawa, mai furar tasha ta da.

Ta gane ni nan take, ta ce ɗan Mamman kantoniye ne ya tsufa haka? Ta ja ni zuwa maƙabarta. Babu maƙabarta. Gonar gero ce, an jera duwatsu layi-layi don tare ruwan sama. Mu kuwa da tulin dutse muke gane kabari. Na ɗaga murya, na ce wane marar tsoron Allah ya yi wannan.

"Ni ce, ɗana," in ji ta. "Lokacin fari aka ce duk macen da ta kawo dutse a ba ta hatsi. Da na kabarin mijina na fara."

Na fasa zagin da na ɗauko. Na bi layukan ina duba duwatsu kamar wani zai amsa sunan Baba. Daga baya na tsaya tsakiyar gona na yi addu'a, wanda ta samu ta samu. A zauren makahon direban nan na kwana.

Komawa

Na iso Madawa da la'asar washegari. Ban iya kwana-kwana ba, na gaya wa Inna yadda abin yake. Ta tambaya ko geron ya yi. Na ce ya yi.

"To, ku binne ni nan. Mamman har yanzu dutse yake ba mutane, kada in je in tare masa aiki."

Na gode wa Allah da ya maido ni, da makahon da ya ba ni tabarma. Waɗanda suka ɗauke hanya daga Zango kuwa, su nemi mai gode musu.