Sufyanu Mai Walda da Tsagar Akwatin Warra

A da, da hantsi za ka tarar da Sufyanu mai walda a rumfarsa ta hanyar bakin ruwan Warra, ya kulle wayarsa cikin sabon akwatin ƙarfe, yana jiran matarsa Dije ta kira daga gida. In bai ji ƙara ba, sai ya ɗauki magagari ya ƙara wa tsagar da ya yi a jikin akwatin tsawo. Haka zai yi ta fama har kira ya samu hanya, sannan ya liƙe wurin da robar jarka saboda ruwa.

Masu baki suna ce masa mai ɓata akwati. To, su faɗa mana! Ƙarfe rufaffe ba ya barin sabis ya wuce, ƙananan huji kuwa ko ɗari ne, aikin banza ne. Tsaga ɗaya doguwa, mai fuskantar ƙarfen sabis, ita ce magana, kuma shekaru ya yi yana gwadawa kafin ya san iyakar tsawonta.

Shi ya ƙera akwatin da matuƙa jirgi ke kulle wayar ƙungiyarsu a ciki a bakin ruwa, wayar da duk wanda ruwa ya rutsa da shi yake kira. Bara da damina robar ta tsage, sarkin jirgi ya ce a toshe wurin da ƙarfe a huta. Sufyanu ya ƙi. Suka kai wa wani ya liƙe tas, har da fenti, aka yi ta yabon kyau. Sufyanu ya kira lambar a gabansu, shiru kake ji. Suka ce ai sabis ne ya ɗauke yau.

Washegari ya dawo da injin yanka da janareto a bayan babur. Sarkin jirgi ya rantse sai ya haɗa shi da hukuma.

"Ku kai ni," in ji Sufyanu. "Amma ba ni barin wanga akwati kurma, mutane na bisa ruwa."

Ya yanka, suna zaginsa.

Ba a rufa mako ba, Halimatu mai bandar kifi ta ji akwatin na ruri da azahar. Da bakinta ta gaya mini: ta ruga ta kira mai riƙe da makullin akwatin, aka buɗe, ashe mijinta Zaidu ne ke kira, inji ya mutu masa a tsakiyar tafki, jirginsa cike da 'yan kasuwa, ga hadari ya haɗo. Jirage suka fita, aka jawo su kafin iska ta taso.

Sufyanu, kai ne kafaffe, ƙi-faɗi a kan gaskiya. Yau hasken walda ya ci idonka, ka ajiye aiki, kuma har yanzu ba wanda ya tako ya ba ka haƙuri. Wallahi abin na yi mini ciwo. Mu dai mun gode, Allah ya saka maka da alheri.

Ku masu sana'a, ku koyi cewa a'a in kun san aikinku, ko sarki ne ya sa ku. Taurin kan mutumin nan ne ya sa 'ya'yan Halimatu ba su zama marayu ba.