Kantar da Na Ƙi Kwashewa

Sana'ata sayen kayan gida. In wani zai tashi ko an yi rasuwa, in zo da mota, a yi ciniki, in kwashe. Da ita na kafu a Landan, kuma ba na tsoma baki a zancen iyalin mutane. Sau ɗaya na karya wannan ƙa'ida, a wani gida a unguwar Dagenham.

Wani likita ɗan Indiya mai aiki a Marylebone ne ya kira ni, zai kai mahaifiyarsa gidan kula da tsofaffi. Na tarar da ita zaune a ƙasa gaban wata ƙaramar kantar katako, tana sa wa ɗan gunkin tagulla, mai siffar jariri, rigar ulu da ta saƙa da hannunta. Sanyi ya shigo, wai kada ya yi mura.

"Haɗa da wancan," in ji likitan, ko kallonta bai yi ba. "Littattafanmu sun ce Ubangiji ba shi da siffa. Ni na karanta, ita ko sunanta ba ta iya rubutawa."

Tsohuwar ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Kai karanta shi ka yi, ni renon sa na yi. Kullum sai na yi masa wanka, na ba shi madara kafin in kurɓa. Wanda kake so kake wa hidima, shi kake sani. Kai ma ba a littafi na koyi bambanta kukanka na yunwa da na rigima ba."

Ni Musulmi ne, goshina bai taɓa ƙasa don abin da hannu ya ƙera ba, kuma ba zai taɓa ba. Amma raina ya ɓaci. Matar nan an raba ta da ɗakinta, da maƙwabtanta, da tukwanenta, saura abu guda da take tashi da safe dominsa, shi ma a jefa mini a mota tare da tsohon firji? Ilimin da bai koya wa mutum tausayin uwarsa ba, na mene ne?

Da na yi magana, likitan ya ce ai gidan tsofaffin ba sa yarda a shiga da irin wannan. Na ce, "Likita, kada ka mai da ni yaro. Na sha kai kaya irin gidajen nan. Fitilar mai ce suke hanawa saboda gobara, ba abin ibada ba."

Na juya gare ta. "Mama, ni ba zan taɓa shi ba, addinina bai ba ni ba. Ɗauki abinki ki sa a jaka."

Ta yi dariya, ta ce dama ba za ta bar ni ba, da takalmi a ƙafata, ban ko wanke hannu ba. Ta naɗe shi a gyale ta rungume.

Likitan ya ce an fasa cinikin, zai nemi wani. Na ce Allah ya ba da sa'a. Na koma unguwarmu Camberwell da mota wayam, ban ji ciwon ko kujera ɗaya ba.