Ƙasusuwan da Baba Ya Yi wa Sutura

Bana shekara goma sha biyar ke nan da rasuwar yayana, Farfesa Sule. Jami'a ta san shi a matsayin masanin ƙasusuwan halittun da suka daɗe a ƙasa har suka zama dutse. Mu a ƙauyenmu na gefen Bunkure, Mai Tonon Ƙashi muke ce masa, yana dariya.

Lokacin da ake haƙa hanyoyin ruwan noman rani, kafin mulkin Shagari, ya dawo daga wajen Sakkwato da akwatuna cike da ƙashin bayan wata ƙatuwar dabbar teku. Rani uku ya yi yana tono, kuma da su zai nuna wa duniya cewa teku ya taɓa kwanciya a Arewa. Ya ajiye su a zaurenmu, ya tafi nemo babbar mota.

Baba ya buɗe akwati ɗaya, ya ga manyan ƙasusuwa. Ya ɗauka na Samudawa ne, mutanen da can. Ya kira liman, aka naɗe su a farin ƙyalle, aka binne a bayan gona. Yaya ya kwanta zazzaɓi a birni, kafin ya dawo katafila ta baje gonakin gaba ɗaya, ko tsamiyar da ake kwatance da ita ba ta bari ba.

"Sule, ba a barin ƙashin bayin Allah a ɗaki," in ji Baba. "Na yi musu sutura."

Ina tsaye da kwanon fura. Yaya ya sunkuyar da kai, ya ce, "Allah ya ba da lada, Baba."

Ya yi ta jiran rani ya tona. Ina! Ruwan da aka jawo ya riga ya kashe rani a nan, a cire shinkafa a sa tumatir. Ya yi suna, ya yaye ɗalibai, amma bai sake samun irin wannan ba, kuma abin yana cina har yau.

Da zai ga jikokinmu suna kallon irin dabbar a waya, na san dariya zai yi, ya ce musu tana nan ƙarƙashin shinkafar da suke ci.

Littattafansa suna jami'a. Abin da ni na riƙe daban ne. Baba ya rayu shekaru bayan haka, yana ba baƙi labarin alherin da ya yi wa Samudawa, Yaya na zaune yana gyaɗa kai. Har Baba ya koma ga Allah bai san abin da ya binne ba.

Allah ya jiƙansu baki ɗaya.